Yashin da ke fitowa a farar riga: laifin sikana ne ko na fim?

Ɗan Mai Hoto:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masana. Mahaifinmu ya yi sana'ar hoto a Zariya, ya bar mana dodon hotuna cike da akwatuna, yawanci fim mai kala na 35mm, sai baƙi-da-fari kaɗan. Na sayi sikana Epson V600 na hannu na fara kwashe su zuwa kwamfuta. Matsalar ita ce duk hoton da aka ɗauka cikin rana, musamman na Sallah, idan na zuƙo farar babbar riga ko rawani sai in ga yashi-yashi mai launi, shuɗi da rawaya. Fuska da inuwa ba su cika yi ba. An ce min Dmax ɗin na'urar, wato iyakar duhun fim da take iya gani, shi ne ya yi kaɗan, 3.4, in nemi Nikon mai 4.8. Kafin in zuba kuɗi, haka abin yake?

Mai Kayan Hoto:
Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka. Nikon Coolscan 5000 ED ba sa'ar V600 ba ce ko kusa. 4000 dpi, bit 16, Dmax 4.8, ga Digital ICE mai share ƙura. Nikon ta daina yin su tuntuni, shi ya sa na hannu ma tsada suke. Ina da guda ɗaya mai tsafta. Ka same ni ta bayan fage.

Injiniya:
Alhaji, Nikon ta fi, ba na musu. Amma wannan 4.8 ɗin ba wanda ya aune ta a jikin fim. Lissafi ne.

Duhun fim ana auna shi da log. Wurin da ke barin kashi 1 cikin 10 na haske ya wuce, duhunsa 1.0. Kashi 1 cikin 100, 2.0. Ɗaya cikin 1,000, 3.0. Ɗaya cikin 10,000, 4.0. To bit 16 yana ba da matakai 65,536, kuma log ɗin 65,536 shi ne 4.8. Bit 14 yana ba da 16,384, log ɗinsa 4.2. Ku je ku duba Coolscan V ED da 4000 ED, masu bit 14, me aka rubuta musu? 4.2. Daidai wa daida. Wato lambar tana gaya maka yawan layukan da aka zana a jikin sikeli ne, ba ta ce komai a kan ko allurar sikelin tana tsayawa wuri ɗaya ba. Abin da ke girgiza allurar shi ne hayaniyar sensa, kuma ita ce ke yanke iyakar abin da na'ura ke iya gani a cikin duhu.

Mai Kayan Hoto:
Yanzu Injiniya kana nufin kamfani kamar Nikon ƙarya ta rubuta a kwali?

Injiniya:
Ban ce ƙarya ba. Sun faɗi iyakar abin da na'urar juya haske zuwa lamba za ta iya ƙirgawa, mai saye kuma ya ɗauka abin da sensa ke gani ne. Akwai ƙa'idar awo ta ISO 21550 da aka fitar a 2004 musamman don wannan, ana sa fim mai matakan duhu a duba inda mataki ke nutsewa cikin hayaniya. Ba kowane kamfani ne ke faɗin ko da ita ya auna ba.

Bari in ba da misali da lambobi na ƙaddara, don a ga yadda abin ke tafiya. A ɗauka idan babu fim, kowane fiksel yana tara ilektiron 40,000. Haske ba ya zuwa a jere, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma rawar da adadin ke yi daidai take da tushen murabba'insa. Mai 40,000 zai yi rawar 200, ba za ka lura ba. A duhu 2.0 saura 400, rawarsa 20. A duhu 3.0 saura 40 kacal. Sannan ita kanta na'urar karanta sensa tana ƙara tata hayaniyar kowane karatu, ko da haske ko babu, a ce 20. To 40 a gaban 20, me ya rage? A duhu 4.0 ilektiron 4 ne ke ƙoƙarin fitowa daga cikin hayaniyar 20. Ko bit 24 ka ba shi, hayaniyar za ka ƙirga dalla-dalla, ba hoto ba.

Ɗan Mai Hoto:
Na fahimci wannan, yallaɓai. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ni a fari nake ganin yashin, kai kuma duhu kake ta ambata.

Baba Tsohon Ɗakin Duhu:
Yaro, ɗaga dodon ka kalli taga. Farar rigar nan ita ce baƙi ƙirin a jikin fim. Inda rana ta fi bugu nan fim ya fi kauri, nan ne kuma hasken sikana ke wahalar ratsawa. Mu a zamaninmu da gangan muke ƙara wa fim mai kala haske, saboda yana jure ƙari ya fi jure ragi. Ga rana ta ƙasar nan, ga shadda ta sha bugu tana walƙiya. Dodon mahaifinka na Sallah dole su yi kauri. A injin wanke hoto ba damuwa, sai a ƙara wa takarda lokaci. Ban taɓa ganin wannan yashin naku a takarda ba.

Injiniya:
Allah ya ƙara girma, Baba, kun taɓo wurin. In ƙara da dalilin launin. Dodon kala yana da wannan ruwan lemo a jikinsa gaba ɗaya, kuma ruwan lemo shuɗin haske yake tarewa. Tun kafin a zo kan hoto, tashar shuɗi, ɗaya daga cikin uku da sikana ke karantawa (ja, kore, shuɗi), ta fara da duhun da ya kusa 1.0, a wurin da ya sha haske sosai kuma tana iya wuce 2.5. Ga shi silikon da ake yin sensa da shi ba ya jin shuɗi kamar yadda yake jin ja da kore. Don haka shuɗi ne ke fara rawa, idan ya yi sama ka ga ɗigon shuɗi, idan ya yi ƙasa ka ga rawaya. Sannan dodon kala a kwance yake, wato tazarar haske da duhunsa kaɗan ce, manhaja sai ta miƙar da shi sosai kafin ya zama hoto, tana miƙar da hayaniyar tare da shi.

Malama Fiziks:
Sannunku. Kafin a yanke wa sikana hukunci, wa ya tabbatar hayaniyar sensa ce? Fim ma yana da tsakinsa. A ido duk yashi ne. Ɗan Mai Hoto, ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ka ɗauki dodo ɗaya, ka yi sikanin sau biyu a jere ba tare da ka taɓa shi ko ka buɗe murfi ba. Ka kashe duk wani gyara: ƙara kaifi, rage tsaki, ICE, gyaran launi. Ka ajiye a TIFF mai bit 48, kada ka kuskura JPEG. Sai ka cire ɗaya daga ɗaya, a Photoshop ko GIMP akwai Difference, ko ka sauke ImageJ, kyauta ce. Tsakin fim yana nan inda yake, zai soke kansa. Abin da ya rage shi ne na na'ura. Idan lamba kake so, ka yi cirewar ta hanyar da ke riƙe lambobin ƙasa da sifili, ba da Difference ba, ka zaɓi fili a kan rigar, ka karanta StdDev na ragowar, wato ma'aunin rawar lambobin, ka raba da 1.41, tunda hayaniyar sikanin biyu ce ta haɗu.

Sharaɗi ɗaya: idan ka ga gefunan abubuwa sun fito a ragowar, hotunan biyu ba su hau kan juna daidai ba, sai ka daidaita su tukuna. Sikana mai gado, irin V600 ɗinka da ake shimfiɗa fim a kan gilashinta, tana yawan yin haka.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni fa na bar duk wannan wahala. Kyamara ta zamani da lensin kusa, fitila a ƙasa, ka ɗauki dodon hoto kawai. Sensar yanzu hayaniyar karatunta 'yan ilektiron ne, sikanar da kuke magana kuwa fasahar 2003 ce. Fim guda ina gama shi kafin sikana ta gama hoto uku.

Mai Kayan Hoto:
Ƙurar fa? Kyamara ba ta da ICE. Dodo dubu ka zauna kana goge ɗigo ɗaya-ɗaya da hannu? A ƙasar da hunturu ke shigowa har cikin akwati?

Ɗan Damagaram:
Wannan kam gaskiya ne, abin hura iska da haƙuri. Amma ICE ɗin ma ba ta aiki a baƙi-da-fari.

Baba Tsohon Ɗakin Duhu:
Saboda azurfa. Fim mai kala idan an wanke shi daidai ba sauran azurfa a jikinsa, rini ne kawai. Baƙi-da-fari kuwa hoton kansa azurfa ne.

Injiniya:
Haka ne. ICE da hasken infrared take leƙa fim, wanda ke ratsa rini kamar babu shi amma ƙura ta tare shi. Wani kamfani ne a Austin ta jihar Texas, Applied Science Fiction, ya ƙirƙiro ta, Kodak ta saye shi a 2003. Azurfa tana tare infrared, sai na'urar ta ɗauka hoton gaba ɗaya datti ne ta hau gogewa. Kodachrome ma yakan ba ta matsala.

Game da kyamara, ɗan'uwa na Damagaram, sensarka ta fi tsafta, na yarda. Amma akwai abin da ya fi hayaniya lahani idan awo ake so, kuma ya shafi kyamara da sikana duka: haske ɓatacce, wanda ke yawo cikin lensi da madubi ya sauka inda ba nasa ba. A ce kashi 1 cikin 1,000 ne kawai ya ɓace haka. Wurin da duhunsa na gaskiya 3.0 ne zai karɓi nasa ɗaya cikin dubu, ya ƙara da na ɓatacce ɗaya cikin dubu, sai na'ura ta karanta 2.7. Kuma duk baƙin abin da ka saka mata ba za ta taɓa karanta sama da 3.0 ba. Idan ba ka rufe gefunan fitilarka da baƙar takarda ba, kana cikin wannan.

Malama Fiziks:
Nan ne inda nake so a tsaya a bambance, domin mutane suna haɗa abu biyu. Akwai rawar lamba, akwai karkatar lamba. Rawa tana da magani mai sauƙi: ka tara da yawa ka ɗauki matsakaici. Fili mai fiksel 100 sau 100 fiksel 10,000 ne, rawar matsakaicinsa ta ragu ninki 100. Karkata kuwa ko sau miliyan ka maimaita, amsar kuskure ɗaya za ka riƙa samu, tsaf-tsaf, har ka yarda da ita.

A fanninmu na maganin ciwon daji da haske, ana auna yawan hasken da inji ya bayar da wani fim, Gafchromic EBT3, wanda ke yin duhu da kansa ba sai an wanke ba. Kuma da me ake karanta shi? Da sikana mai gado ta Epson, irin su 10000XL da 11000XL, 'yan'uwan wadda ke gaban Ɗan Mai Hoto. Hayaniyar fiksel ba ta cika hana mu barci ba, saboda a ƙaramin dpi ake yi, kamar 72, a ɗauki matsakaicin fili. Abin da ake tsoro daban ne. Fim ɗaya, ka ajiye shi a tsakiyar gilashi ka karanta, ka matsar da shi gefe, lamba ta canza, tashar ja ta fi kowa. Ka juya shi daga tsaye zuwa kwance, lamba ta canza. Ka karanta da fitila ba ta ɗumama ba, ta canza. Shi ya sa ake yin sikanin banza 'yan kaɗan kafin a fara, a sa wa kowane yanki alama don kada a juya shi, a ajiye a tsakiya, a jira kamar awa 24 bayan haskawa domin fim ɗin yana ci gaba da yin duhu a hankali. Sannan kowane sabon rukunin fim sai an yi masa nasa jadawalin daidaitawa. Ba wanda ya taɓa tambayar Dmax na kwali.

Ɗan Damagaram:
Ranki ya daɗe, mu fa hoton biki muke kwashewa, ba magani ba.

Malama Fiziks:
Na sani. Shi ya sa a wurinku rawar ce ke damu, don ido a fiksel yake kallo, ba a matsakaici ba. Amma ranar da ka ce za ka daidaita launin dodo ɗari su zo iri ɗaya, ko ka duba ko rinin fim yana dusashewa daga bana zuwa baɗi, ka shiga awo ko kana so ko ba ka so. A nan kuskuren yana girma da duhu. Da lambobin Injiniya: a duhu 1.0 fiksel ɗaya yana rawar kusan 0.007, a 2.0 kusan 0.03, a 3.0 ya wuce 0.2. Mataki ɗaya na hasken kyamara 0.3 ne. Ka ga a can ƙarshen fiksel ɗaya ba shi da abin faɗa.

Shugaban Zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi, amma a riƙa tunawa da mai tambaya. Kuma Alhaji, talla ranar Asabar ce.

Ɗan Mai Hoto:
Na yi gwajin Malama da wani hoton hawan Sallah. Ragowar baƙi ce kusan ko'ina, sai da na ɗaga haskenta sosai na ga abu. A kan rigar akwai yashi, kuma da na raba tashoshi uku shuɗi ne ya fi yawa, kamar yadda Injiniya ya ce. Amma bai kai wanda nake gani a hoton ba. Wato wani kaso na fim ne. Sai kuma wani abu da ban lura da shi da ba: siririn layi ja-ja daga sama har ƙasa, a wuri ɗaya a kowane hoto na jeren farko a mariƙin fim. Shi bai fito a ragowar ba.

Injiniya:
Ba zai fito ba, saboda ba ya rawa, kullum yana nan. Sensar sikana layi ɗaya ce doguwa, ana jan ta a kan fim. Kafin kowane aiki tana leƙa wani fili da babu fim ta daidaita kowane fiksel da ɗan'uwansa. A Epson wannan filin shi ne yankan da ke saman mariƙin fim. Ƙura ɗaya ta zauna a gilashi daidai wurin, ko a saman ko a murfi, sai na'ura ta ɗauka wannan fiksel ɗin rarrauna ne ta ƙara masa ƙarfi, sai ya ja layi tsawon hoton. Goge gilashi biyun a wannan wurin, kuma kada komai ya rufe yankan.

Ka riƙe wannan: layin da ya bi hanyar tafiyar sensa, ƙura ce ko fiksel. Ratsin da ya gitta, wanda ke zuwa yana tafiya, fitila ce ko wuta ko motar da ke jan sensa. Tsofaffi irin V700 fitilar kwan farin haske gare su mai son ɗumama, V600 da V850 LED ne. Idan a kan janareta kake aiki kuma ka ga ratsi a gicciye, gwada a kan inbata mai kyau kafin ka zargi na'ura.

Mai Kayan Hoto:
To ai kun dawo kan maganata. Ya tabbatar akwai hayaniya a shuɗi. Nikon tana karanta kowane layi har sau 16 ta haɗa. V600 za ta iya?

Injiniya:
Wannan ita ce hujjar da ya kamata ka fara da ita, Alhaji, ba 4.8 ba. Karatu sau 4 yana rage rawa zuwa rabi, sau 16 zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wato ribar kusan 0.6 a duhu idan hayaniya ce kaɗai matsalar. Kuma Nikon tana yi ne a tsaye a kan layi kafin ta matsa, ba ta koma farko, don haka hoton ba ya dishewa. Kuɗinsa lokaci ne, sai ka yi sallah ka dawo hoto ɗaya bai gama ba. A sikana mai gado, VueScan da SilverFast suna iya maimaita tafiyar su haɗa, ko su yi ɗaya da gajeren haske ɗaya da dogo. Idan tafiyar ba ta hau daidai ba sai ka rasa kaifi. Ga dodo mai kauri, dogon haske ya fi maimaici amfani: ka ninka haske sau 4 a karatu ɗaya, hayaniyar karatu sau ɗaya ka biya, ba sau huɗu ba.

Sai dai in gargaɗi mai tambaya. Shi da bakinsa ya ce wani kaso na fim ne. Nikon za ta fito da wannan kason fiye da Epson, ba ƙasa ba. Lensinta ya fi kaifi, haskenta kuma a miƙe yake, ba a baje ba. V600 an rubuta mata 6400 dpi amma masu gwaji da allon auna kaifi na USAF 1951 ba sa samun ko rabin haka, dishi-dishin nata yana lulluɓe tsaki.

Baba Tsohon Ɗakin Duhu:
Wannan mun san shi tun a injin faɗaɗa hoto. Mai gilashin tara haske yana fito da tsaki da duk wani karce, mai baza haske yana rufa wa dodo asiri. Dodo ɗaya, injina biyu, sai ka canza takarda.

Malama Fiziks:
Shi ne abin da André Callier ya bayyana a 1909, Baba. Azurfa tana warwatsa haske, don haka miƙaƙƙen haske yana karanta ta da duhu fiye da bazajje. Ma'ana fim baƙi-da-fari ba shi da lambar duhu ɗaya tak, sai ka faɗi da wane irin haske ka auna. A rini abin kaɗan ne. A mai kala kuma matsalar tacewa ce: na'urar awon duhu ta gaskiya tana da ƙayyadaddun matatai, Status M don dodo, Status A don silaid da takarda. Ja da kore da shuɗin sikana ba su ne waɗannan ba. Shi ya sa sikana biyu masu lafiya za su ba ka lambobi daban a fim ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Zafi fa? Nan Zinder a watan Afrilu ɗaki yana wuce digiri 40. Na ji an ce sensa tana ƙara hayaniya.

Injiniya:
Tana ƙarawa. Silikon yana fitar da ilektiron ko babu haske, kuma adadin yana ninkawa duk ƙarin digiri 6 zuwa 8. Daga 25 zuwa 40 ka ninka shi wajen sau huɗu. Amma kowane layi na ɗan ƙanƙanin lokaci ake haska shi, don haka a aikin yau da kullum ba shi ne babba ba. Inda yake cizo shi ne dogon haske a kan silaid mai duhu.

Malama Fiziks:
A nan ban tare da kai gaba ɗaya ba, Injiniya. Rawarsa ƙarama ce, na yarda. Amma matakin baƙi yana gocewa yayin da na'ura ke ɗaukar zafi, kuma a duhu 3.0 gocewar da ba ta kai komai ba tana karkatar da lamba sosai, kamar haske ɓatacce. Wanda ya daidaita da safe ya auna da la'asar a ɗakin da ba sanyi, ba abu ɗaya yake aunawa ba.

Injiniya:
Ai tana sake daidaita kanta kafin kowane sikanin.

Malama Fiziks:
Fari muke gani tana daidaitawa. Baƙi kuwa ya danganta da yadda aka ƙera ta, kuma ba a rubuta mana a littafin na'ura. Ni dai sai na sa abin da na san duhunsa a gefen fim, a sikanin ɗaya, sannan in yarda.

Baba Tsohon Ɗakin Duhu:
Akwai abu ɗaya da duk ba ku ambata ba, kuma lissafi ba zai nuna muku shi ba. Wankin fim mai kala, C-41, yana son digiri 37.8, minti uku da daƙiƙa 15 a ruwan farko. Wannan kowa yana kiyayewa, don in ka kuskure a take za a gani. Ruwan cire azurfa ne ake wa rowa. Da kaya suka yi tsada, masu wanki da yawa sun riƙa jan sa har ya mutu. Sai azurfa ta rage a jikin dodon kala, kuma a ina take taruwa? Inda haske ya fi bugu, a farar rigar nan. Dodon ya ƙara kauri, tsaki ya ƙaru, launi ya mutu. Yaro, in kana da dodon da ICE ke ɓata wa fari tana mai da shi kamar an shafa, ko baƙinsa ya yi toka-toka in ka karkata shi a haske, ka yi zargin wannan. Ana iya mai da shi cikin sabon ruwa a cire, amma kada ka taɓa sai ka riga ka kwashe shi yadda yake, kuma ka fara da wanda ba ka damu da shi ba.

Injiniya:
Baba, wannan sai ku. Kuma ana iya gani ba tare da an jiƙa komai ba: VueScan tana ajiye tashar infrared daban. Dodon kala mai tsafta kusan fili ne a can, ƙura kawai da ɗan inuwar hoto. Idan farar riga ta fito baƙi sosai a wannan tashar, azurfa ce.

Sannan ga masu ganin sai an kai 4 kafin a taɓa dodo: tsarin Cineon da Kodak ta yi don finafinan silima a farkon shekarun 1990 bit 10 ne, matakai 1,024, kowane mataki 0.002 na duhu. Jimla 2.05 ke nan, kuma da shi aka yi shekaru ana aikin silima. Silaid irin Velvia ne ke kai duhun da ya wuce 3.5, can ne Nikon da sikanar ganga mai bututun ninka haske ke nuna bambanci na gaske.

Mai Kayan Hoto:
Kun yi ta lissafi tun safe. Gani ya kori ji. A kawo dodo ɗaya a saka a duka biyun.

Malama Fiziks:
Dodo ba zai raba gardama ba, don ba mu san duhunsa na gaskiya ba. Matakalar Stouffer ake so, wato fim mai matakan duhu da aka san lambar kowanne. T2115 tana da matakai 21, tazarar 0.15, daga 0.05 zuwa 3.05. T4110 tana da 41, tazarar 0.1, har 4.05, ita ce ta dace da mai iƙirarin 4.8. A yi sikanin ba gyara, a karanta matsakaici da rawar kowane mataki, a ga inda biyu a jere suka daina bambanta. A yi sau biyu: ɗaya an rufe kewaye da baƙar takarda, ɗaya a buɗe. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce haske ɓatacce. Ina da T2115, ta isa ga tambayar dodo. Sai dai tsiri ce doguwa, shigar da ita mariƙin Nikon sai an yi dabara.

Injiniya:
Kuma Alhaji, kafin gwajin a buɗe Nikon ɗin a duba madubinta. Akwai ƙaramin madubi a ciki da ke kallon sama, yana tara ƙura, kuma na'urar da ta shekara ashirin ba a goge ba tana zagaye duk abu mai haske da hazo. In ba haka ba V600 tana iya kunyata ta a gwajin buɗe.

Mai Kayan Hoto:
Tawa a cikin leda take tun da ta zo. Zan kawo ta, amma ba mai kwance min ita sai an ajiye kuɗinta a kan tebur. Madubin nan a fuska aka shafa masa ruwan, ka goge da tsumma ka gama da shi. Malama ta zo da matakalarta, ɗan Damagaram ya turo nasa sakamakon na kyamara, mu gani.

Ɗan Damagaram:
Sai an aiko min matakalar in ta gama zagayen Kano. A saka ta tsakanin kwali biyu, kada direba ya naɗe ta.